Wadda Ta Kai wa Ubanta Sunansa

"Ba zan kankare ba," in ji Tahemet.

Idu, shugaban maginan Fir'auna, ya ci gaba da miƙa mata ƙarfen sassaƙa da guduma kamar bai ji ba. Rana ta take tsaka a kan duwatsun yamma da kogin Nilu, inda mutanen Misra na da suke binne matattunsu, magina fiye da arba'in sun yi cirko-cirko a bakin kabarin suna kallo.

"Sake faɗa, 'yar Sabni. Zafi ya toshe mini kunne."

"Ranka ya daɗe, na ce ba zan kankare ba. Da hannuna na sassaƙa sunan nan. Wata biyu na yi a kansa."

Kwana uku ke nan da binne ubanta. Sabni shi ne babban magini kafin Idu, shi ne kuma ya faɗa wa kowa cewa dalar dutsen da ake gina wa Fir'auna ta yi tsaye da yawa, in aka ci gaba a haka za ta tsage. Ba a saurare shi ba. Yana hannun masu busar da gawa da gishiri dalar ta tsage tun daga ƙirji har gindi. Da Fir'auna ya nemi mai laifi, Idu ya duba ya ga babu wanda ya kai gawa sauƙin ɗora wa kaya. Aka yanke hukunci a kankare sunan Sabni daga kabarinsa.

A wurin mutanen nan wannan ya fi kisa muni. A bangon kowane kabari akwai ƙofar ƙarya, dutse ne da aka sassaƙa da siffar ƙofa amma ba ya buɗuwa, ta nan kurwar mamaci take shiga da fita. A samanta ake rubuta sunansa. Wanda aka goge wa suna ba ya iya amsa kira a lahirarsu, sai ya sake mutuwa, mutuwar da babu komai a bayanta.

"Ubanki ne ya ɓata ki," in ji Idu. "Ya ɗauki guduma ya ba mace, ya koya mata rubutu, ga shi yau tana mayar wa maza magana."

"Ya koya mini awon gini ma. In kana so, zo in nuna maka daga inda dalarka ta fara karkacewa."

Wani daga cikin magina ya yi dariya, ya haɗiye ta da tari. Fuskar Idu ta haɗe. Ya sa mutum biyu suka riƙe ta, ya kira wani masassaƙi wanda Sabni ya koya wa aiki, mutumin ya zo kansa a sunkuye ya hau kankara. Tahemet ba ta rufe ido ba. Tana kallo har harafin ƙarshe ya zama gari a ƙasa.

"Tun da ƙaunarsa ta kai haka, ki taya shi zama," in ji Idu. "Ku jefa mata kayanta, ta sassaƙa wa kanta hanyar fita."

Suka tura ta ciki, suka jefa ƙarfen da gudumar, suka jera duwatsu a bakin kabarin suka liƙe da yumɓu.

Ba ta san tsawon zaman da ta yi ba kafin ta ji motsi a jikin bango, kamar ana jan igiya a kan yashi. Wani haske kore ya taso daga rubutun da ke kewaye da akwatin gawar. Rubutunsu hotuna ne, tsuntsaye da dabbobi da macizai, kuma dokar masassaƙa ce duk macijin da aka zana a ɗakin gawa sai an raba shi biyu, don kada ya rayu ya cuci mamacin. Rabe-raben macizan nan ne suke mutsu-mutsu a cikin dutse, kai yana neman wutsiya bai samu ba. Amma can ƙasa, bayan akwatin, wata kububuwa mai ƙaho ta zamo daga bango cikakkiya, ta faɗo tim, ta ɗaga kai.

Tahemet ta gane ta. Ranar da ta sassaƙa ta, ta fito da kyau har ta kasa sa mata ƙarfe. Ta ce a ranta wa zai leƙa bayan akwati?

"Gaisuwa gare ki, ya ke wadda ta ƙera ni," in ji kububuwar. "Ki matsa. Sara ɗaya aka halicce ni da shi, kuma ga mai shi nan kwance."

"Ba za ki taɓa shi ba."

"Ba ni na zaɓa ba. Ke kika ga kyauna kika ƙi yanka ni. Dafin nan sai ya shiga nama, in ya shiga nasa, gawar ta ruɓe, kurwarsa ta rasa masauki, ko da an mayar masa da suna sau dubu."

Tahemet ta ji kunya ta rufe ta, wadda ta fi tsoro nauyi. Ta tambaya, "In ya shiga naman mai rai fa?"

"Sai mai ran ya zama rabinsa a nan, rabinsa can. Ƙofar ƙarya tana buɗe wa irinsa. Dafin yana hawa a hankali, in ya isa zuciya tafiya ta ƙare."

"Ubana yana can ba suna?"

"Yana can. Ana gab da kiran sahun marasa suna."

Ta soke ƙarfen da gudumar a ɗamararta, ta miƙa hannun hagu. "Sari nan. Na dama ina da aiki da shi."

Kububuwar ta sara, ta faɗi ta zama tsakuwa. Sanyi ya kama yatsun Tahemet. Da ta juya, ƙofar da ba ta buɗuwa tana buɗe, bayanta gangare ne mai zurfi.

Ta gangara har ta fito wani fili na jan yashi, wanda samansa dutse ne. Mutane suna tafiya a cikinsa a kan kawunansu, ƙafafunsu a sama, suna kiranta ta juye ta huta, wai haka ya fi sauƙi. Ita ma ƙasar tana jan kan Tahemet ƙasa kamar an rataya mata tulu a wuya. Ta dafe ƙeya da hannun dama, ta kafa ido a kan yatsun ƙafarta, tana taku tana faɗin sunan ubanta, Sabni, Sabni, har ta fita daga cikinsu. Sanyin ya kai wuyan hannu.

Sai ga kogi baƙi, ruwansa ba ya motsi. A bakinsa akwai jirgin kwale-kwale da wani dogon matuƙi wanda fuskarsa take ta bayansa, ƙirjinsa yana kallon ruwa, idonsa yana kallonta.

"Ya ke mai numfashi, me kika ɗauko?"

"Suna na ɗauko, ya mai jirgi. Zan kai wa mai shi."

"Jirgina ba ya ɗaukar biyu. Ki bar mini sunan a gaɓa, in haye da ke."

"In na bar shi, me zan je yi a can?"

"Wannan ba tambayar matuƙi ba ce."

"To ka nemi wani abu a jikina. Sunan nan ba nawa ba ne balle in bayar."

Matuƙin ya dubi ƙasa wajen ƙafarta. "Inuwarki," ya ce. "Ta fi ki nauyi. Taurin kai ya cika ta."

Ya sunkuya ya kama inuwar ta wajen dugaduganta, ya ɓare ta kamar fatar akuya, ya naɗe ya jefa cikin jirgi. Tahemet ta cije leɓe har jini ya fito, ba ta yi ƙara ba. Suna tsakiyar kogi hannaye suka riƙa fitowa daga ruwa suna shafa katakon jirgin, muryoyi suna roƙo, "Ara mana sunan, mu ma an goge namu." Ta rufe bakinta da tafin hannu har suka kai gaɓa. Sanyin ya kai gwiwar hannu.

Gaba kaɗan ta tarar da tafkin wuta, da siririyar hanya a gefensa wadda ba ta fi faɗin tafin ƙafa ba. Ta bi ta da rarrafe, gashinta yana ƙauri, tafin hannunta yana salewa. Ƙarshen hanyar wata ƙofa ce da tsawonta ya kai na dabino uku, ba mai gadi, ba mabuɗi. Ƙofar ce da kanta ta yi magana, da murya uku.

"Ba ma barin wanda bai san mu ba ya wuce," in ji dokin ƙofar.

"Faɗi daga ina muka fito," in ji ginshiƙan gefe biyu.

"In kika yi kuskure in faɗo a kanki," in ji dutsen da ke gicciye a sama.

Matattu sukan zo da amsoshin irin wannan a rubuce cikin likkafaninsu. Tahemet ba ta zo da komai ba sai abin da ta koya a wurin aiki. Ta durƙusa ta shafa dokin ƙofar, ta ɗanɗana ƙurarsa a harshe.

"Kai jan dutse ne mai ƙyalli, daga kudu inda kogi yake karo da duwatsu. Da mulmulallen dutse aka daka gefenka har ka rabu da uwarka, ƙarfe bai iya da kai ba." Ta miƙe ta ƙwanƙwasa ginshiƙan da gudumarta. "Ku farin dutse ne daga tsaunin gabas. Tagwaye ne ku, daga rami ɗaya, amma na hagu ya sha ruwa a jirgi, muryarsa ta fi kauri."

"Ta san mu," in ji su.

Ta ɗaga kai ta dubi na sama, ta bi shi da ido daga gefe zuwa gefe.

"Yi magana," in ji shi. "Yabe ni."

"Ba zan yabe ka ba. Wanda ya ɗora ka bai duba jijiyarka ba, ya kwantar da kai a kan gefen da bai kamata ba. Akwai tsaga a cikinka, daga tsakiya zuwa dama. Kana jin ta."

Ƙura ta zubo daga sama. Tahemet ta tsaya a inda take.

"Shekara dubu ana wucewa ta ƙarƙashina ana yi mini kirari," in ji dutsen a hankali. "Ba wanda ya taɓa faɗin inda yake mini ciwo. Wuce."

Sanyin ya kai kafaɗa lokacin da ta shiga zauren shari'a. Ginshiƙansa sun yi kama da kurmin rama, kawunansu sun ɓace a duhu. Bangonsa duka tubalan dutse ne, kowane da suna a jikinsa, wasu kuma an farfashe su sun bar rami. A tsakiya ga ma'auni, gashin tsuntsu ɗaya a faranti guda, ɗaya farantin yana jiran zuciya. A gindinsa wata dabba tana kwance, kanta na kada, ƙirjinta na zaki, bayanta na dorina, miyau yana zuba daga bakinta. Mai riƙe da ma'aunin jikinsa na mutum ne, kansa na baƙin dila.

A gefe guda aka tara marasa suna, dubbai, fuskokinsu a shafe sumul kamar ƙwai. Ana tura su ɗaya bayan ɗaya. Mai Kan Dila yakan tambaya, "Wane ne kai?" In shiru ya biyo, dabbar ta buɗe baki.

Tahemet ta kutsa cikinsu tana kiran Baba, Baba. Ba wanda ya waiwaya. Duk tsawonsu ɗaya, duk launinsu na toka. Ta zaga har ƙafarta ta fara ja, sai ta hango wani a gefen sahu, ya juya wa ma'aunin baya. Yana bin bango yana cusa farcen babban yatsa a tsakanin tubali da tubali, in farcen ya shiga sai ya girgiza kai. Haka Sabni yake yi wa kowane gini da ya shiga, ko gidan biki ne.

Ta kama hannunsa ta ja shi gaban ma'auni. "Ya mai ma'auni, wannan Sabni ne, babban magini! Na kawo masa sunansa."

Mai Kan Dila ya sauko da idonsa a kanta. "Ya ke mai rabin numfashi, kin sha hanya. Amma sunan da aka faɗa da baki iska ne, yana fita yana watsewa. Nan dutse muke karantawa. Dubi gurbinsa." Ya nuna wani rami a bango. "Ranar da aka kankare na sama, na nan ya fashe."

"Ba ni dutse in sassaƙa masa. Ga kayan aikina."

"Babu dutsen da ba shi da mai shi. Kowane mai rai an ajiye masa guda tun ranar haihuwarsa, ba ƙari." Ya ɗaga sandarsa ya taɓa wani tubali fari, sabo, daidai kafaɗarta. Ta karanta sunanta a jiki.

"Saurara, domin ba na maimaitawa," in ji Mai Kan Dila. "Kin ba ƙofata gaskiya, saboda haka zan yi miki abin da ban saba ba. Ki saki hannunsa. In zuƙe dafin, in karɓo miki inuwarki, in mayar da ke. Dalar za ta rushe a kan Idu kafin kogi ya sake cika, a nemi wanda ya san awo, a same ki. Za ki gina abin da za a yi shekara dubu huɗu ana kallo. Wannan kuwa bai san ki ba, bai san kansa ba, ba zai ji zafin komai ba."

"In na ƙi fa?"

"Dutsenki naki ne, kina iya ba wanda kika so. Amma wanda ya kankare nasa, babu mai tuna shi a sama, babu mai kiransa a nan. Ranar da kika dawo, sahun can za ki shiga."

Dabbar ta miƙe ta yi hamma. Saura mutum uku a kai ga Sabni. Sanyin ya fara sauka daga kafaɗa zuwa haƙarƙari.

"Ya mai ma'auni," in ji Tahemet, "riƙe mini shi kada a tura shi. Aikin ba zai daɗe ba."

Hannun hagu ya riga ya mutu, ba ya riƙe komai. Ta yage gefen zanenta ta ɗaure ƙarfen a tafinsa, ta ja ƙullin da haƙori, ta ɗora shi a kan harafin farko na sunanta, ta ɗaga guduma. Bugun farko ta ji kamar an cire mata haƙori daga cikin kai. Ta manta muryar da innarta take kiranta da ita in abinci ya nuna. Bugu na biyu ta manta laƙabin da 'yan uwanta suke tsokanarta da shi. Ta ci gaba. Da dutsen ya yi sumul, ta tsaya tana haki, ta nemi sunanta a bakinta ba ta same shi ba. Ɗaya sunan kawai ya rage, wanda ta yi ta maimaitawa a hanya. Ta hau sassaƙa shi, gumi yana shiga idonta, numfashinta yana yankewa. Harafin ƙarshe ta yi shi a durƙushe.

"Wane ne kai?" in ji Mai Kan Dila.

Fuskar mutumin ta fito kamar yadda tudu yake fitowa in ambaliya ta janye, ga hancin, ga tabon da tsakuwa ta yi masa a gira.

"Ni ne Sabni, magini."

Aka ɗora zuciyarsa a faranti. Ma'aunin ya yi rawa, ya tsaya daidai da gashin tsuntsun. Dabbar ta koma ta kwanta. Wata ƙofa ta buɗe a bayan zauren, iska mai ƙanshin danyar ciyawa ta shigo, ana hango gonaki da ruwa.

Kafin ya shiga, Sabni ya tsaya a gaban dutsen, ya shafa rubutun da yatsa. Ya dubi matar da ke durƙushe.

"Ke kika yi wannan, yarinya?"

"Ni ce, Baba."

"Hannunki yana da kyau. Harafin ƙarshen ya ɗan karkace, amma ba laifi. Wa ya koya miki?"

Ta buɗe baki, ta ga babu amfani. "Wani magini ne," ta ce.

"Ya iya koyarwa. 'Yar wane ce ke?"

Ta sunkuya tana kwance ƙarfen daga tafinta. Ya jira kaɗan, ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya juya ya shiga gonakin, bai waiwayo ba.

Mai Kan Dila ya dafa ƙirjinta da sandarsa, sanyin ya tsaya a inda ya kai. "Ba a karɓar wanda ba a kira ba, kuma lokacin sahunki bai yi ba. Koma."

Ta farka a bakin kogin Nilu da hantsi, hannun hagu a shanye. Ta bi hanyar da ƙafarta ta sani har ƙofar gidansu. Innarta tana niƙa a tsakar gida, ta ɗago ta dube ta.

"Sannu, baƙuwa. Daga ina haka, duk kin ƙone? Zauna in kawo miki ruwa."

"Inna, ba ki da 'ya?"

"Maza biyu gare ni, suna wurin aikin dala. Ban taɓa haihuwar mace ba." Tsohuwar ta miƙo ƙwarya, sai idonta ya sauka ƙasa, ta ga rana tana dukan baƙuwar amma babu inuwa a gefenta. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ja da baya, ta shige ɗaki ta saki labule.

Matar ta sha ruwan, ta kife ƙwaryar, ta fita.

Ta rayu shekara talatin da ɗaya bayan wannan, tana yawo daga mahaƙar dutse zuwa mahaƙar dutse, tana goge tubala da hannu ɗaya a ba ta gurasa. Duk wanda ya yi hira da ita yau, gobe sai ya sake tambayarta ko ita wace ce. Ba ta yi aure ba, ba ta gina komai da za a ce nata ne ba. Da ta mutu aka turbuɗe ta a yashi ba akwati, ba ƙofa, ba rubutu, kuma ta san sahun da yake jiranta tun kafin ta rufe ido. Sabni yana cikin gonakinsa har yau. Abin da ta biya ke nan: hannunta, da inuwarta, da uwarta, da sunanta, da lahirarta, kuma wanda ta biya dominsa bai san ya taɓa haihuwarta ba.